Gini mai tsakar gida, ba zaure ba dakali

Wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu zanen gine-gine ne sana'arsa, ya taɓa shimfiɗa mini takardu biyu na gini ɗaya a kan tabarma. Ta farko ita ce wadda ya yi kwana uku yana fama da ita: bene hawa uku a bakin titi, an ja shi baya kamar taku shida, a gabansa doguwar baranda mai inuwa, da ramin shuka bishiya biyu, da ɗan dakali inda mai jiran a-daidaita-sahu zai zauna. Ta biyu ita ce wadda aka gina. Ranar da ya kai ta farkon, mai filin ya ɗora yatsa a kan barandar ya ce, "Injiniya, nan wurin na waye?" Ya ce, "Alhaji, na masu wucewa ne." Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "To, masu wucewar nawa za su riƙa biya a shekara?" A wurin barandar aka fitar da shaguna huɗu, bakinsu dab da kwata.

Tun ranar ya ɗau alwashin sai ya tara abin da zai sayi fili da kansa, ya zana da kansa, ya gina da kansa, ya huta da masu ɗora yatsa. Kuma duk sa'ad da maganar ta taso, sunan mutum ɗaya yake kawowa: John Portman na birnin Atlanta a Amurka. A wurinsa Portman ne gwarzon da ya ƙwato masu zane daga hannun masu kuɗi. Saboda nacinsa na bi tarihin mutumin, kuma na yarda da rabin maganarsa. Ɗaya rabin ne ya sa ni wannan rubutu, domin abin da Portman ya yi bayan wuƙa da nama sun zo hannunsa ya fi ba ni tunani a kan yadda ya same su.

An haife shi a 1924 a wani ƙaramin gari, Walhalla, a jihar Karolina ta Kudu, amma a Atlanta ya tashi. Ya yi aikin sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu, ya gama karatun zanen gine-gine a jami'ar Georgia Tech a 1950, ya buɗe ofishin kansa a 1953. A wancan zamani sana'ar tana da tata alkunya. Mai zane ba ya taɓa kasuwancin gini. Ƙa'idojin ƙungiyarsu ta ƙasa sun daɗe suna hana mamba shiga harkar kwangila, ba a sassauta ba sai ƙarshen shekarun 1970. Dalilinsu kuwa ba na banza ba ne. Mai zane shi ne alƙali tsakanin mai gini da ɗan kwangila, in shi ma yana da riba a cikin siminti da rodi, wa zai yarda da hukuncinsa? Portman ya kalli abin ta wata kusurwa. A ganinsa, kafin a kira mai zane an riga an gama yanke manyan shawarwari: wane fili, wane girma, nawa za a kashe, wa zai kama haya. Abin da ake bar masa kwalliya ce kawai. Har littafi ya rubuta a 1976, shi da Jonathan Barnett, yana kiran abokan sana'arsa su daina jiran kira, su zama su ne masu ginin.

Ya fara da wani tsohon garejin ajiye motoci da ya mayar wurin baje kayan ɗaki ga 'yan sari. Abin ya karɓu, a 1961 ya buɗe sabon bene na musamman don wannan harka. Ka ƙaddara an ɗauki Kantin Kwari an jera shi hawa-hawa zuwa sama. Kasuwar tana nan har yau da sunan AmericasMart. Daga gefenta ya ci gaba da sayen filaye yana ɗora benaye, har suka zama unguwa guda da ake kira Peachtree Center, wajen layi 14 a tsakiyar birni.

Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne otal ɗin Hyatt Regency na 1967. Kafin shi, otal a tsakiyar birni kusan abu ɗaya ne ko'ina: ƙaramin falon karɓar baƙi, lif kamar akwati, dogon lungu mai duhu, ƙofofi hagu da dama. Portman ya huda cikin ginin tun daga ƙasa har sama. Za ka shigo ta wata ƙofa mai gajeren rufi, kamar mai ratsa soro, kana fitowa sai ka tsinci kanka a wata irin tsakar gida mai tsawon hawa 22, haske na zubowa daga sama, ɗakuna 800 sun kewaye ta, barandar kowane hawa ganye na lilo a bakinta, ga lif na gilashi an yi masa ado da ƙananan fitilu yana hawa yana sauka a fili kowa na kallo. A can ƙololuwa kuma gidan cin abinci mai kewayawa a hankali, a ƙarƙashin shuɗiyar ƙubba. Mutane suka riƙa yin layi, ba kwana za su yi ba, kallo kawai ya kawo su.

Manyan kamfanonin otal na lokacin sun ga ginin sun kau da kai. A lissafinsu, wane mai hankali ne zai bar wannan uban fili a banza, inda za a iya cusa ɗaruruwan ɗakuna? Tambayar Alhaji ke nan, da wani harshe. Iyalan Pritzker, masu Hyatt, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne mai 'yan masaukai, su suka saya, kuma wannan gini ya ɗaga su. Daga baya su da kansu sun ce nasararsa na cikin abin da ya sa suka ga tasirin zane a kan mutane har suka kafa lambar yabo ta Pritzker a 1979, wadda ita ce mafi daraja a sana'ar. Portman ya mutu bai taɓa samun ta ba.

A nan abokina yana da gaskiya, kuma ba zan rage masa komai ba. Da Portman ma'aikacin wani ne, da an ɗora yatsa a kan tsakar gidan nan an fitar da ɗakuna. An gina ta ne saboda mai tunanin shi ne mai ɗaukar asarar. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba: ba a otal ya fara gwada dabarar ba. Ya fara ta ne a 1965 a gidajen Antoine Graves, gidajen gwamnati na tsofaffi marasa ƙarfi, inda ya bar fili a tsakiya don iska da haske su shiga, tsofaffin kuma su riƙa ganin juna maimakon kowa ya ƙule a lungu. An rushe ginin a 2009. Ni dai wannan ya fi duk otal-otal ɗinsa taɓa mini zuciya.

To amma mu fito waje mu tsaya a bakin titi.

A shekarun da Portman ke gini, tsakiyar Atlanta na zubewa. An kawo ƙarshen dokokin wariyar launin fata, Turawa masu hali suka riƙa kwashe nasu ya nasu suna komawa bayan gari. Mutanen birnin sun kai kusan 497,000 a 1970, zuwa 1990 sun koma wajen 394,000. Wanda zai zo ofis ko taro a tsakiyar gari yana zuwa ne da tsoro, wani na gaske, wani na son zuciya. Portman ɗan kasuwa ne, ya san abin da mai haya yake so. Sai ya haɗa benayensa da gadojin gilashi a sama, ya kwashe shaguna da gidajen abinci ya kai su ciki. Mutum zai ajiye motarsa, ya hau ofis, ya ci abinci, ya yi sayayya, ya je otal, ya dawo ya ɗau motarsa, ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Titin kuwa aka bar shi da dogayen bangaye na kankare, da ƙofofin garejin motoci, da waɗanda ba su da abin shiga ciki.

Abin mamakin shi ne mutumin ya san wannan ciwo. A 1960 ya je Brasilia, sabon babban birnin Birazil, ya dawo ransa a ɓace, yana cewa an gina shi an manta da ɗan Adam. Duk tsawon rayuwarsa kuma bai daina cewa shi don mutane yake gini ba. Ban ɗauke shi maƙaryaci ba. Don mutane ya yi, amma mutanen da suka riga suka shigo.

A Detroit abin ya fi fitowa fili. Bayan tarzomar 1967 da ta ci rai 43, Henry Ford na biyu, shugaban kamfanin motoci na Ford, ya tara manyan kamfanoni don a gina abin da zai farfaɗo da birnin, aka ba Portman zanen. A 1977 aka buɗe Renaissance Center: otal hawa 73 a tsakiya, benayen ofis huɗu masu hawa 39 sun kewaye shi, a bakin kogi. Tsakaninsa da birnin da aka ce zai farfaɗo aka girke wasu manyan tudun kankare, an ce na ajiye injinan ɗumama gini da sanyaya shi ne, amma duk wanda ya kalle su ganuwa yake gani. Kamfanin General Motors ya saye shi a 1996 a ƙasa da dala miliyan 100, sannan ya kashe wajen dala miliyan 500 yana gyara, kuma cikin manyan gyare-gyaren har da rushe tudun nan da buɗe ginin ga titi da kogi. A 2024 shi ma kamfanin ya sanar zai tashi daga ciki. A New York kuma, don a samu filin otal ɗinsa na Marriott Marquis a dandalin Times, an rushe tsofaffin gidajen wasan kwaikwayo biyar a 1982, har da Helen Hayes da Morosco, 'yan wasa suka fito zanga-zanga aka kama da yawa. Da aka buɗe otal ɗin a 1985, wurin karɓar baƙi a hawa na takwas yake. Dandalin da ya fi ko'ina cika da jama'a a birnin, ka gina otal a kansa ka gudu hawa takwas.

Bahaushe ba baƙon gini mai kallon ciki ba ne, shi ya sa nake jin mun fi wasu damar gane inda kuskuren yake. Gidan gargajiyarmu katanga ce doguwa ba taga, rayuwa duk tana tsakar gida. In ka ga hoton otal ɗin Portman ka cire gilashi da fitilu, tsakar gida ce. Sai dai magabatanmu ba su tsaya nan ba. Sun yi zaure, wanda rabinsa na mai gida ne rabinsa na gari: baƙo ya sauka, almajiri ya fake wa ruwa, malam ya karantar, maƙwabta su ci tuwon dare tare. Sun yi dakali a jikin katangar ta waje, inda tsoho zai zauna da hantsi yana amsa gaisuwa, idonsa a kan yaran unguwa, mai talla ta sauke faranti ta huta. Ba wanda ke biyan hayar dakali, amma shi ke sa lungu ya zama unguwa. Mai gida ya ɗebi fili daga gari ya killace, sai ya mayar wa gari ɗan abu a bakin ƙofa. Portman ya gina tsakar gida irin wadda duniya ba ta taɓa gani ba, ya manta da zaure da dakali. Ko kuwa bai manta ba, ya lissafa ne ya ga ba sa kawo haya.

Na san abin da masoyansa za su ce, kuma maganar tana da nauyi. Lokacin da kowa ke gudu daga tsakiyar Atlanta shi ya tsaya ya zuba dukiyarsa. Dubban mutane, cikinsu har da baƙar fata da yawa, sun sami aiki a otal-otal da kasuwarsa. Gidajen abincin da ya buɗe a farkon shekarun 1960 suna cikin na farko a birnin da suka zaunar da baƙi da fari wuri ɗaya, tun kafin doka ta tilasta. Ƙungiyar Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ta yi taronta a Hyatt Regency a shekarar da aka buɗe shi. A 1971 yana cikin waɗanda aka kafa Action Forum da su, zauren da manyan 'yan kasuwa baƙaƙe da farare ke haɗuwa suna kashe wuta kafin ta tashi. Andrew Young, na hannun daman King wanda ya yi magajin garin Atlanta daga 1982 zuwa 1990, yana cikin masu yabonsa ƙwarai. Wanda irin su Young suka yaba, ba ni da bakin kiransa mai wariya. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi ban tsoro: mutumin kirki ne, ƙofarsa a buɗe take ga kowane launi, amma gininsa yana tace mutane da aljihu. Ba a rubuta "kada ka shiga" a ko'ina ba. Bango da gada da mai gadi sun wadatar.

Wannan ya kawo ni kan kyautarsa. Ya ba jami'o'i dukiya, akwai kujerar farfesa da sunansa a makarantar zane ta Harvard, akwai wata a Georgia Tech inda ya yi karatu. Ya kashe kuɗi a kan zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, shi kansa yana yi, ya ƙawata harabar gine-ginensa da su. Alheri ne, ba na raina shi. Amma ina da ra'ayi a kan kyautar masu gine-gine wanda na san ba kowa zai so ba. Mai sayar da atamfa in ya gina makaranta, kyautarsa daban kasuwancinsa daban. Mai gini ba haka yake ba, domin hajarsa ita ce garin kansa. Duk bene da ya kafa zai yi shekara hamsin ko ɗari yana ba masu wucewa inuwa ko yana tare musu iska, yana kiran su ko yana korar su, kullum, ko ya so ko bai so ba. Saboda haka wurin farko da za a duba hannunsa shi ne taku shidan da ke tsakanin bangonsa da kwalta. An karantar da mu tun muna allo cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce. Kujerar farfesa tana amfanar ɗalibai 'yan kaɗan masu rabo a shekara. Matar da ke sharar ɗakunan otal, ta tashi aiki da dare ta bi gefen bangon da ba taga ba shago ba fitilar mai shayi zuwa tashar bas, ita ba ta san da wata kujera ba.

Muna da irin wannan a gida, ba sai na kama suna ba. Mutum ya cike kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa ya yi rukunin gidaje, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan talakawa, azumi ya zo ya raba musu shinkafa, a yi ta sa masa albarka a rediyo.

Inda na fi saɓa wa abokina shi ne a kan wanda ya ɗauka abokin gaba. Shi a ganinsa Alhaji ne matsalar, in aka cire shi shi ke nan. Amma yatsan nan da aka ɗora a kan baranda ba na Alhaji ba ne, na lissafi ne, kuma lissafi yana bin duk wanda ya riƙe takardar fili. Lokacin da mai zane da mai kuɗi suke mutum biyu, aƙalla ana gardama a ofis, wani ya ce na masu wucewa ne, ko da za a yi masa dariya. Wata rana ma yakan yi nasara, a bar masa bishiya ɗaya. In suka zama mutum ɗaya gardamar takan koma cikin ƙirji, ba mai ji, kuma ba wuya a san wanda zai ci. Portman kansa bai tsira da samun uban gida ba. A farkon shekarun 1990, kasuwar gine-gine ta faɗi, bashin da ke kansa ya haura dala biliyan 2, ya zauna da masu binsa aka sake tsara biya, mafi yawan Peachtree Center ya fita daga hannunsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya farfaɗo, musamman da ayyukan ƙasar Sin inda ya shiga da wuri da ginin Shanghai Centre a 1990, ya ci gaba da zuwa ofis har tsufa, ya rasu a Disamban 2017 yana da shekara 93.

Ba ina cewa a hana masu zane zama masu gini ba. In dai dole wani ya riƙe wuƙa da nama, gara wanda ya san darajar haske da iska da wanda bai san komai ba sai ƙidayar shaguna. Amma mai wucewa ba shi da kujera a teburin da ake shawara, kuma bai kamata a bar rabonsa ga kirkin zuciyar kowa ba, komai kirkinsa. Aikin hukumar tsara birni ke nan: ta ce a ja baya taku kaza, hawan ƙasa ya buɗe ga titi, ba a rufe hanyar ruwa, kuma ta faɗa wa babba kamar yadda take faɗa wa ƙarami. Atlanta ta wancan lokaci tana tsananin bukatar Portman, ba ta da ƙarfin ce masa a'a. Hukumomin biranen Amurka da dama daga baya sun koyi darasin, suna tilasta wa sababbin benaye su sa shaguna da tagogi a hawan ƙasa. A 2011 majalisar birnin Atlanta ta sauya sunan titin Harris ta sa masa na John Portman, duk da masu kare tarihi sun ja har kotu. Titi, cikin duk abin da za a sa wa sunansa.

Abokina ya sami filinsa bara, shi da wasu mutum biyu suka haɗa kuɗi, sauran kuma rancen banki. Kwanan baya na je ofishinsa na tarar da sabon zanen a kan kwamfuta. A tsakiya ya bar fili, haske na saukowa ta rufin gilashi, har da ɗan wurin ruwa. Ya yi kyau ƙwarai. Na nemi barandar gaba ban gan ta ba, na ce, "Malam, ina dakalin masu wucewa?" Ya matsa hoton sama, ya matsa ƙasa, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce yana nan a zane na farko, bai goge shi ba, yana jira ne ya ji abin da mutanen banki za su ce.